Makullin da ke Aljihun Baba Hassoumi

Assalamu alaikum. Malam Liman, Alhaji Alassane shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Nijar, dattawa, 'yan'uwanmu na Najeriya, Hajiya Aissa 'yar marigayi da 'ya'yanki, ina gaishe ku da zuwa. Ni Kader, maƙwabcin marigayi ne a unguwar Wendover shekara shida, shi ya sa aka ce in yi magana a madadinmu.

Mun san Baba Hassoumi Dabo tsoho mai sanda. Ya kasance mai raka marasa lafiyarmu asibiti, ya zauna tare da su duk da bai jin Ingilishi. Ya kasance mai wanke mamatanmu. Kaɗan ne cikinmu suka san abin da ya ɗauko daga gida.

Zamanin mulkin Faransa, malamin jinya ne a wani asibitin bariki. Asibitin ƙofa biyu gare shi: ta gaba ta Annasara, ta baya ta 'yan ƙasa. Su da suka yi lakkol, wato boko, an ajiye su tsakiya, sun fi talaka, ba su kai karen kumandan ba. Haka ya faɗa mini, kuma ba dariya yake ba.

A 1955 aka kawo ƙanensa Husaini daga gona, kububuwa ta sare shi. Akwai allurar maganin dafi cikin kabad, amma an keɓe ta don Turawa. Baba ya ruga gidan likita, ya tarar da shi yana cin abinci. Likita ya ce ya jira. Ya jira. Kafin la'asar Husaini ya cika a bakin ƙofar baya.

Ranar da ya ba ni labarin nan muna cikin mota, za mu dubiya McLeansville. Na ce, "Baba, ai ba laifinka ba ne."

Ya ce, "Kader, makullin kabad ɗin yana aljihuna. Ba wanda ya riƙe hannuna. Tsoro ne kawai."

Daga ranar da Husaini ya rasu Baba ya shiga sahun masu neman 'yanci. A ƙuri'ar 1958 ya bi ƙauyuka bisa keke yana cewa mutane su ce a'a ga Faransa. Aka kore shi daga aiki, aka jefa shi kaso. Da 'yanci ya zo, bai zo masa ba: waɗanda suka karɓi mulki suka ci gaba da farautar irinsu. Ya gudu Kumasi. Shekara goma sha huɗu ya yi can. Matarsa Oumou ta rasu bai ga gawarta ba. Hajiya Aissa, kin ce mini ranar da ya dawo, a zaure kika gaishe shi kamar baƙo, kika shiga kiran kawunki. Ya san wannan ciwon naki. Ya ce mini bai taɓa samun bakin neman gafararki ba, ya roƙe ni in faɗa miki idan ya riga ni. Ga shi na faɗa.

Bara na kai shi Elm Street, gaban tsohon kantin da ɗalibai baƙar fata huɗu suka zauna a 1960 suka ƙi tashi sai an ba su abinci kamar yadda ake ba farar fata. Jikarsa Ramlatou ta yi masa bayani da Ingilishi, ina fassarawa. Ya daɗe yana kallon gilashin. Sai ya tambaya, "Shekarunsu nawa?" Aka ce sha bakwai, sha takwas. Ya ce, "Sun riga ni hankali." Ya juya, muka tafi.

Ramlatou, Chamsou, ku saurare ni da Hausa yau. Kakanku bai bar lambar girma ba. Babu titi mai sunansa a Yamai, kuma a nan aka binne shi, nesa da kabarin ƙanensa da na matarsa. Ya kasance mutumin da ya ji tsoro sau ɗaya, ya shekara hamsin bai yafe wa kansa ba. Mu da ya zauna bakin gadonmu mun shaida bai sake barin kowa yana jira ba.

Mun gode wa duk wanda ya baro aikinsa ya zo, da matan da suka dafa abinci. Allah Ya gafarta wa Baba Hassoumi abin da ya kasa yafe wa kansa. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya jiƙan Husaini da Oumou, Ya sanyaya zuciyar Hajiya Aissa. Mu karanta masa Fatiha.