Akori-kurar Kawu Manu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka tare da dukan masu saurare. Ni ne Garba tela daga Argungu.

Kawuna Manu yana da wata tsohuwar akori-kura da yake ɗibar albasa daga Augie. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ma ya daɗe da tsayawa. Kullum kafin ya tashe ta sai ya duba mai da ruwa, ya kasa kunne ya ji kukan inji. Tun da anka ba mu jiha, sababbin motoci sunka cika hanya, nake matsa mai ya sayar da ita. Sai dai ya yi dariya.

Damanar bara naƙuda ta zo wa matata da gardama, anka ce sai asibitin Birnin Kebbi. Na raina motar Kawu, na ɗauko shatar wata sabuwa. Kusa ga Ambursa ruwa ya rufe hanya, direban ya afka da gudu, inji ya mutu tsakiyar ruwa.

Ashe Kawu na biye da mu. Ya tsaya, ya cire bel ɗin fanka, ya naɗe wayoyin wuta da leda, ya ratso a hankali har inda muke. Ya ce, "Garba, daina kallona, ɗauko matarka." Tsohuwar nan ko tari ba ta yi ba har asibiti.

An samu ɗiya mace lafiya. Kawu, in kana saurare, na janye maganata gaban duniya. Ranar Jumma'a ni zan wanke maka motar.