Zakara Mai Mura da Kuɗin Aladen Nanay

Erlinda: Halo? Gauding? Toto, kai ne?

Gauding: Ni ne, Manang, yayata. Ina wuni?

Erlinda: Lafiya lau. Ya gida? An ce Iloilo ta sha ruwa.

Gauding: Ya ɗauke tun shekaranjiya. Ya Hong Kong? Ya uwar ɗakin naki?

Erlinda: Tana nan da mitarta. Ya ƙafarka?

Gauding: Na'am?

Erlinda: Ƙafa! Ƙafarka!

Gauding: Au, da sauƙi. Layin ne yake shaƙewa.

Erlinda: Zakarun faɗan nan da kake kiwo fa? Na san sun fi mu daraja a wurinka.

Gauding: Garau suke, jan ma ya ƙara nauyi.

Erlinda: Madalla. Yi sauri, na bar shinkafa a wuta. Ka biya Nong Peping mai gashi kuɗin aladen? Asabar ɗin nan ce fa addu'ar cika shekara da rasuwar mahaifiyarmu Nanay.

Gauding: Na biya ɗazu da safe. Ya ce tun da asuba zai ɗora shi a wuta.

Erlinda: Ɗazu? Kuɗin da na turo mako uku da suka wuce?

Gauding: Ai dai an biya, Manang. Allah ya rufa asiri.

Erlinda: Wane asiri? Toto, ni na goye ka, na san muryar nan. Faɗi.

Gauding: Kar ki yi ihu. Kin san shafukan nan da mata suke fitowa kai tsaye, ana kallo ana yi musu liƙi?

Erlinda: Waɗanda suke tuɓe... Yesu da Maryamu! Da furfurarka?

Gauding: Kin ga, kin fara.

Erlinda: Ban fara ba tukuna! Ci gaba.

Gauding: Akwai wata, Mayumi. Ta ce 'yar Guimaras ce, ƙetaren ruwa kawai. In na liƙa mata fure, na peso hamsin, sai ta rubuto, "Na gode, Manong Gauding." Da sunana fa.

Erlinda: Kai kuma ka narke.

Gauding: Rannan ta rubuto cewa uwarta tana asibiti. Wai shafin yana cinye rabin liƙin, in tura mata kai tsaye ta wata lambar waya. Dubu tara.

Erlinda: Dubu tara! Aladen kenan har da jelarsa! Dangi sittin za su zo, limamin coci zai zo, ka ajiye musu me? Gaya min ba ka tura ba.

Gauding: Na je har shagon tura kuɗi, na rubuta lambar a takarda. Zakara ne ya cece ni.

Erlinda: Zakariya? Wane Zakariya?

Gauding: Zakara! Na kaji! Akwai wani da yake cara a bayan tagarta. Tun ranar farko na ji mura yake yi, cara ta uku sai muryar ta dishe. Har na rubuta mata ta jiƙa masa citta da tafarnuwa, ta raba shi da sauran.

Erlinda: Wayyo cikina! Mace tana rangwaɗa a gabanka, kai kana duba mata kaza?

Gauding: Ki bari mana. Ta ce to. Washegari na shiga, cara uku, ta ukun ta dishe. Kwana biyar haka. Ina tsaye a layin shagon abin ya faɗo min. Shekara talatin ina kiwo, Manang, zakara mai irin wannan murar a kwana uku ko ya warke ko a binne shi. Ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Erlinda: Sai aka yi yaya?

Gauding: Na fita daga layin, na zauna a bakin shagon na buɗe wayar. Duk sa'ad da ya yi carar nan ta uku, ita kuma tana ɗaure gashi. Daidai, ba kuskure. Tsohon bidiyo ne suke ta juyawa.

Erlinda: To wa yake rubuto maka sunanka?

Gauding: Oho. Ƙila wani ƙato ne mai gemu. Na ce ta ɗaga yatsu uku ta kira sunana da baki. Sai aka rubuto wai makirufonta ya lalace, in yi sauri uwarta tana suma. Na ce a gai da zakara. Nan take aka toshe ni.

Erlinda: Alhamdu... kai, bari in zauna. Nawa suka ci a furen?

Gauding: Ɗari shida, kuma nawa ne, na ƙwai. Na danna wurin kai ƙara, na goge shafin. Daga can ban zame ko'ina ba sai gidan Nong Peping.

Erlinda: Ubangiji na gode maka. Ka ji ni da kyau, duk wanda ya ce ka bi shi wata lamba a ɓoye, kuma yana gaggauta ka, ɓarawo ne, ko da fuskar mala'ika ya zo. Da ka tura, da na hau jirgi na zo na gasa ka a madadin aladen.

Gauding: Na sani.

Erlinda: Amma me ya kai ka, don Allah? Ba halinka ba ne.

Gauding: Ba don abin da kike zato ba ne. To, har da shi, kaɗan. Amma kullum in na shiga sai a rubuto, "Manong, ka ci abinci?" Tun da matata ta rasu Nanay ce mai tambayata. Da ita ma ta tafi, gidan ya yi shiru. Ke in kin kira, kuɗi ne, ko rufin ɗaki, ko alade.

Erlinda: ...

Gauding: Halo? Manang? Ya yanke ne?

Erlinda: Ina nan. Hayaƙin shinkafa ne ya shiga min ido. Toto.

Gauding: Na'am.

Erlinda: Ka ci abinci yau?

Gauding: Ban ci ba tukuna. Manang, katin wayar yana ƙarewa, saura daƙiƙa...

Erlinda: Ajiye, ni zan kira. Je ka ɗora ruwa, kar ka yi nisa da wa...