Ciwon da Bai Yi wa Mama Zafi Ba

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Sunana Saratu. Ban iya magana gaban jama'a ba, shi ya sa na rubuta.

Mamata tana da ciwon da ke sa jini saurin daskarewa. Shi ya yi ta ɓarar mata da ciki bayan haihuwata. Tana shan magani, mu kuma muka ɗauka shi ke nan.

Lokacin tashin bama-bamai an hana mota zuwa kusa da cocinmu, sai a sauke mu nesa mu taka. A nan na fara lura. Mama takan sunkuya kamar tana gyara takalmi, alhali babu abin da ya same shi. Gumi na tsattsafo mata a gindin ɗankwali tun rana ba ta yi zafi ba. A waƙar zumuntar mata bakinta na motsi, amma murya ba ta kai ƙarshen baiti.

"Mama, wani wuri na miki ciwo?"

"Ko ɗaya. Kin cika sa ido, sai ka ce 'yar sanda."

Na gaya wa Baba. Ya ce, "Tsoro ne, Saratu. Wa ke numfashi daidai a Gombe yanzu?"

Wayyo! Ina gani tana raguwa, ba ni da abin nunawa. Wa zai kai mai lafiya asibiti?

Wata Lahadi a layin bincike na bakin ƙofa na ce a raina, "Yesu, ba ni da baki, ka ara mini." Mai binciken mata ranar Anti Laraba ce, nas. Tana shafa jikina na raɗa mata, "Anti, Mama ba ta iya tafiya."

Ta kama wuyan hannun Mama, ta ji bugun jininta. "Maman Saratu, gobe asibiti. Ba shawara nake ba ki ba."

Gwaji ya nuna jini ba ya isa zuciyarta sosai. Likita ya ce masu irin ciwonta hakan kan same su babu zafi ko kaɗan. Wani sashe ya riga ya lalace, ba zai dawo ba.

Mama ba ta warke ba, 'yan'uwa. Har yanzu ina tsoro. Amma yau da safe ita ta tashe ni, har da faɗa. Na gode wa Ubangiji! Ku dogara gare shi, ko da muryarku ƙarama ce kamar tawa. Amin.