An Jiƙa Rama a Kududdufin Babana

Assalamu alaikum Malam mai gabatar da shiri. Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubutowa, ni 'yar makaranta ce daga Garbadu.

Ruwan madatsar Bakolori bai iso gonarmu ba. Ruwan wanke-wanken unguwa da ke taruwa a kududdufi, da shi Babana yake shayar da alayyahu, kullum yana kwashe gansakuka da kwando. Sai maƙwabta suka jiƙa rama a ciki don igiya. Ruwan ya yi kore, wari har ɗaki! A kasuwar Mafara wata mata ta shinshina alayyahun ta ce, "Malam, a masai ka shuka shi?" Babana ya hana mu magana, wai maƙwabta ne. To shi ba maƙwabcinsu ba ne?

Yaya za mu yi? Ka yarda in sake rubutowa?