Harajin Harsashi

A tashar Tsafe, motar Gusau ta ƙi cika. Zuwaira, wadda za ta karɓo wa mijinta magani a asibitin ƙwaƙwalwa, ta dubi tsohon da ke gefenta, rigarsa sai warin albarushi take.

"Baba, ka ji abin da aka faɗa a rediyon direba? Wai a wata ƙasa za a sa wa bindiga da harsashi haraji, a riƙa kula da masu taɓin hankali da kuɗin. Zai yiwu a nan?"

"Wa zai biya, ɗiyata? Mutanen daji ba su sayayya a shago. Mu 'yan sintiri za a tatsa."

"Kana sayen harsashi da yawa ne?"

"Duk ranar kasuwa."

"Ikon Allah! Har yanzu suna shigo muku?"

"Tun bara ba su dawo ba. Ni ne dai. Ko kare ya yi haushi, sai na harba sama kafin hankalina ya kwanta."

"Haka maigidana ya fara. Maganinsa ma zan karɓo wurin likitan ƙwaƙwalwa."

Tsohon ya matso kusa, ya sassauta murya.

"Likitan nan naku, yana duba tsofaffi?"