Motar da Kabewa Ta Rufe

A tashar Magariya, wani ɗan kabu-kabu da wani dattijo suna kallon wata mota a bayan shinge, kabewa ta yaɗu a kanta.

"Ikon Allah! Baba, ba motar Muttaƙa ba ce, mai zuwa Dungas kamar iska?"

"Ita ce, ɗana. Jandarma suka ba shi takardar tara saboda gudu, ya naɗe tsire da ita. Alƙali ya kira shi, ya ƙi zuwa. Ranar da zai kai mahaifiyarsa asibiti aka ƙwace motar. A amalanke aka tafi da tsohuwar."

"Saboda takarda ɗaya?" Saurayin ya taɓa aljihunsa. "Baba, wadda ruwa ya jiƙa fa, alƙali zai karɓa?"

"Zai karɓa. Je ka yanzu, zan tsare maka layinka."