Kwamfutar Jikan Baba

A shagon gyaran kwamfuta, wani dattijo ya dire tasa yana share gumi.

"Malam, zaɓar min firosesa mai ƙarko, wadda za ta kai shekara biyar. Wannan ana tsakiyar wasa sai ta ɗau zafi ta mutu. Ta jikana ce."

Mai gyara ya kwance fankar da ke kanta, ya ɓare wata 'yar leda.

"Baba, lafiyarta ƙalau. Ledar nan aka manta ba a cire ba, shi ya sa take zafi. Za ta kai biyar har da ɗoriya."

Dattijo ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi! Jiya fa saura ƙiris in ci kofi ta ɗauke."

"Ku za ku ci, Baba, ko jikan?"

"Kai dai mayar da fankarka."